Tsohuwar Hilux ɗina mai 5L ta fara gajiya da jan tirela: in zuba mata kuɗi ko in rabu da ita?

Baban Khalifa, Argungu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah masu sani su yi magana. Ina da Hilux mai shan gas, ƙirar kafin Vigo, inji 5L, giyar hannu. Aikinta kai taki da injinan ban ruwa fadama, sai kwaso shanshera in an yi girbi. Bara na sa mai walda ya ƙera min tirela mai aksul ɗaya saboda injin casa da nake kaiwa gonakin mutane haya, in kaka ta yi kuma ina loda buhuna a kanta in kawo Argungu, wani lokaci har Birnin Kebbi. Tun da na fara jan tirelar nan motar ta canza hali. Allurar zafi na hawa da zarar hanya ta ɗan yi tudu, tana shan baƙin mai, da safe sai shuɗin hayaƙi, kuloci kuma ya fara wari. Makanikena ya ce ko a sauke injin a yi masa ringi da metal, ko a sayo wani 5L ɗan Beljiyam, in kuma ƙarfi nake so a ɗora mata tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Ƙanena shi kuma ya dage in sayar in cika kuɗi in ɗauko Hilux Vigo mai injin zamani na D-4D. Kuɗin da ke hannuna na noman rani ne, ba na son in taɓa su a banza.

Ɗan Kamba: Wa alaikumus salam. Alhaji sayar kawai. Mota in ta fara cin kuɗi ba ta ƙoshi.

Auta Zuru: In za ka sayar ina ciki 😂 5L ba ya mutuwa, sai dai mai shi ya gaji.

Oga Makanike Jega: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin kowa ya ce saya ko sayar, ka faɗa mana: buhu nawa kake ɗora wa tirelar, nawa kake sawa a bayan motar, kuma tirelar tana da birki nata ko babu?

Baban Khalifa, Argungu: Oga, tirela takan ɗauki 25, bayan mota 10. A sikeli buhunana suna kai kilo 80, wani ya ɗan haura. Birki kam babu, aksul ɗin wata tsohuwar bas ne aka yanko aka ɗora mata bodi.

Oga Makanike Jega: Inna lillahi. To Alhaji ai motar nan addu'a ya kamata ka yi mata, ba ƙorafi ba.

Injiniya BK: Bari mu yi lissafin a fili. Buhu 25 sau kilo 80, tan 2 kenan cif. Ita kanta tirelar, da aksul ɗin bas da ƙarfen da masu walda ke zabgawa, da wuya ta gaza rabin tan. Sannan kilo 800 a bayan motar. Wato inji 5L, wanda bai kai doki 100 ba kuma ƙarfin juyinsa bai cika 200 Nm ba, yana jan nauyin motar kanta da ƙarin sama da tan 3.

Amma ni ba injin ne ya fi damuna ba. Ƙa'idar da masu ƙera motoci ke rubutawa, har Toyota, ita ce tirelar da ba ta da birki kada ta wuce kilo 750, ita da kayanta. Ko sabuwar Hilux ta yanzu da ake cewa tana jan tan 3.5, sharaɗin shi ne tirelar ta kasance da birkinta. In babu, ita ma 750 ɗin ne. Ka ga ko yau ka wayi gari da sabuwa dal daga kamfani, tirelar nan taka ta ninka abin da aka yarda sau uku. Ƙanenka zai sa ka kashe kuɗi ka canza abin da ke gaba, alhali matsalar na baya.

Ɗan Kamba: Injiniya wannan lissafin Turawa ne. A nan wa ke bin 750? Je ka kasuwar Kamba ranar Lahadi ka ga abin da ake ɗora wa akori-kura.

Injiniya BK: Na gani, kuma ina ganin waɗanda ke kwance a gefen hanya tsakanin Jega da Koko.

Baba Direba: Yaro ɗan Kamba, saurara ma Injiniya. Ni na yi tuƙi hanyar Sakkwato zuwa Kwantagora tun ba a haife ka ba. Abin da ka kashe mutane wurin jan kaya ba hawa ba na, gangara ta. Hawa in mota ta kasa sai ta tsaya, ka sa dutse bayan taya. Gangara kuwa tirela ita ka tura ka. Na ga wata gab da Yawuri, direba ya taka birki don shanu sun gitta, motar ta tsaya amma tirelar ba ta san an tsaya ba, ta naɗe ta zo ta bugi ƙofar direba, buhuna sunka watse bisa kwalta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Alhaji, wagga magana ta birki ita za ka fara dubawa.

Baban Khalifa, Argungu: Allah ya ƙara girma Baba. Gaskiya nakan ji tana tura ni, shi ya sa ba na wuce 50 in na yi lodi.

Oga Makanike Jega: To yanzu in yi maganar ɓangarena. Tobo a kan 5L, ni dai ba na yi, kuma duk wanda ya kawo min nakan ce ya kai wani gareji. Injin nan an gina shi ne da matsi mai yawa, kusan 22, don ya yi aiki babu tobo. In ka cusa masa ƙarin iska ka buɗe injekta ya ƙara mai, ƙarfin zai zo, sati biyun farko har ka riƙa yi wa makanike addu'a. Amma zafin da ke cikin top silinda zai ƙaru sosai, kuma dangin L kaf, tun daga 2L da 3L, raunin su kenan: in sun ɗauki zafi top ɗin ke tsagewa tsakanin bawul da bawul. Naka da ma yana ɗaukar zafi tun babu tobo, ga fistin da ringi sun gaji. A watan Afrilu, zafin Kebbi, da tan 3 a baya? Ba zai kai damina ba.

Shi kuma zafin da kake gani yanzu, kada ka ɗauka dole injin ne. Nawa aka kawo min da wannan kukan, na cire lagireto na tarar da ƙaiƙayin shinkafa ya toshe shi kamar an yi masa yaɓe, ciki kuma duk tsatsa saboda ruwan rijiya ake zuba masa. Ga fankar nan mai man silikon a tsakiya, in ta mutu tana juyawa ne kawai a ido, ba ta jan iska. In inji ya yi zafi ka kashe shi ka juya ta da hannu, in ta tafi sakayau babu nauyi, ta mutu. Sannan wasu makanikai sukan cire tamostat, mai daidaita zafin inji, su jefar wai don mota ta yi sanyi. Ka duba ko naka na nan.

Auta Zuru: Oga ni fa an cire min nawa tun tuni kuma lafiya lau.

Oga Makanike Jega: Lafiya lau har ranar da ba lafiya ba. Injin gas yana son ya kai zafinsa ya tsaya a nan. In kullum a sanyaye yake da safe, mai ba ya ƙonewa duka, yana wanke bangon silinda, ringi na cinyewa. Kai da ke Zuru da tuddai ma ya fi kamata ka mayar.

Hajiya Mai Shanshera: Sallama gare ku. Ni ban san tobo ba, ban san tamostat ba, amma na san lissafin buhu. Alhaji Baban Khalifa, tambayata ita ce me ya sa dole sai Hilux ce za ta kwaso shinkafar? Ni ma da akori-kura na fara. Da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers ya zo a 2015 noma ya buɗe, masu casar zamani suka fara saye da yawa, ga Labana a Birnin Kebbi ga WACOT a Argungu, sai na ga ƙaramar mota ba za ta iya ba. Na sayi Kanta. Ita an yi ta ne don kaya, tayoyin baya bibbiyu, birkinta da sifirin ɗinta na lodi ne, buhu 35 ɗin nan naka za ta ɗauke a tafiya guda ba tare da wata tirela na bin ta tana rawa ba. Kuɗin da za ka cika ka sayi Vigo, ka tambayi farashin Kanta ko Daina tukuna.

Baban Khalifa, Argungu: Hajiya Allah ya saka. Matsalar ita ce Kanta ba ta shiga inda nake shiga. Fadamarmu in ruwa ya ja, laka ce da yashi, sai mai ja da ƙafa huɗu. Kuma injin casar dole a ja shi har bakin gona.

Hajiya Mai Shanshera: To ai shi kenan, ka raba aikin. Hilux ta ja injin casa, ta fito da buhuna bakin titi goma-goma, daga nan ka ɗauki shatar babbar mota. Nawa ne kuɗin shata a kaka guda, nawa ne kuɗin inji? Ku maza kuna son a ce motarku ce ta yi komai.

Ɗan Kamba: Hajiya ta harba 😂😂

Na Mafara: Ni daga Talata Mafara nake, muna noma a Bakolori, kuma na bi hanyar da ƙanen Alhaji ke faɗa. Na sayar da mai 3L na ɗauki Vigo mai 2KD. Daɗin tuƙi kam babu ƙarya, ga sanyi ga shiru ga gudu. Amma ku sani injin D-4D ba ya yafiya a kan mai. Tsohuwar tawa ko gas ɗin 'yan bumburutu na zuba mata, wanda aka sirka da kananzir, sai dai ta yi hayaƙi ta wuce. Wannan kuwa na sha mai a wani gidan mai a hanya, ashe akwai ruwa a tankinsu, kafin in iso gida ta fara kakkarwa, fitila ta kama. Nozul huɗu da famfo. Babu wanda ya iya taɓa ta a garinmu, sai da aka ɗauko mai kwamfuta daga Gusau, kayan kuma aka yi odarsu daga Ƙofar Ruwa a Kano. Motar ta yi zaman jiran kaya daidai lokacin da ake kwasar tumatir.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, mu nan Zamfara mun san shi. Farar Hilux mai sheƙi a hanyar daji tana jan ido. Tsohuwa mai fenti a koɗe da buhuna a baya, kowa ya san manomi ne. Ban ce ita ce kariya ba, Allah ne mai tsarewa, amma ni yanzu akwai ƙauyukan da ba na shiga da Vigo ɗin.

Baba Direba: Wanga gaskiya na. Allah shi kawo muna zaman lafiya.

Injiniya BK: Amin Baba. In ƙara a kan maganar Na Mafara, ba kowace Vigo ce ta fi 5L ƙarfi ba, kuma nan ake yi wa mutane wayo a wurin dillalai. Akwai 2KD marar intakula (mai sanyaya iskar tobo), ƙarfin juyinsa 200 Nm ne, kusan daidai da abin da Alhaji ke da shi yanzu. Mai intakula ya kai 260. Sai 1KD mai lita 3 da ke ba da 343, shi ne za ka ji bambanci sosai. Akwai ma Vigo da aka kawo Afirka da 5L-E a ciki, wato injinka ne dai a sabuwar riga. Saboda haka in an ce maka "Vigo ce mai gas", buɗe bonet ka karanta abin da ke rubuce. Ita kuwa mai 1GD ta 2015 zuwa sama, tun da aka saki naira a 2023 farashinta ya bar layin manomi.

Auta Zuru: To me zai hana ya sayi 1KD ɗin kawai a dasa a tsohuwar bodin? Na ga an yi a Panteka.

Oga Makanike Jega: Ana yi. Amma ba inji kaɗai za ka saya ba. Sai da burenbos ɗinsa, wato kwamfutar injin, da wayoyinsa gaba ɗaya, da makullinsa in mai sakiriti ne, da totur na lantarki, a sake kujerun inji, a nemi giyabos da zai karɓe shi. Sai ka samu rewaya wanda ya san abin da yake yi, ba mai yanke waya yana gwadawa da harshe ba. In an gama kuma kana da inji mai ƙarfi kusan ninki biyu a kan shasi da birki da aksul na tsohuwar mota. Ranar da ta lalace a Augie ko Bunza, wa zai gane kan wayoyin? Kuma lambar inji ta canza, sai ka gyara takardu, in ba haka ba kai da 'yan VIO ne a kowane shinge.

Ɗan Kamba: Ni har yanzu ina kan bakata. Ya sayar ya sayi mai fetur, 2TR, irin waɗanda gwamnati ke gwanjonsu. Kowane makanike ya san ta, kayanta har a kasuwar ƙauye. Gas ya yi tsada tun 2022.

Na Mafara: Fetur ɗin ma ai tun 29 ga Mayun 2023 ba sauran rahusa. Kuma ɗora wa 2TR tirela ka ga yadda allurar mai ke sauka. Ƙarfinta sai inji ya yi ihu yake zuwa, shi kuwa mai jan kaya a laka ƙarfin ƙasa-ƙasa yake so.

Ɗan Kamba: Sai ya mayar da ita CNG.

Na Mafara: Ya sha a ina, a fadamar Argungu?

Malam Na Aliero: Assalamu alaikum. Ni abin da zan ce ba na ƙarfe ba ne. Alhaji ya ce kuɗin noman rani ne a hannunsa. Mu masu albasa mun san abin da ke faruwa in mutum ya taɓa jarin shuka: mota ta samu, gona ta kwana. In har sayen ya zama dole, kada ka karɓi bashi mai ruwa. Akwai murabaha a bankunan Musulunci irin su Jaiz, su saya su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Amma ko shi ka auna, biyan wata-wata ne, shinkafa kuma ba kowane wata take ba da kuɗi ba.

Baban Khalifa, Argungu: Na gode Malam, bashi kam ba na sha'awa. Oga Makanike, in na tsaya a kan gyara, ringi ko ɗan Beljiyam?

Oga Makanike Jega: Kafin duka biyun, ka kai ta a wanke ƙarƙashinta tas, a hau da ita rami, ka shiga da kanka da tocila da ƙaramar guduma. Duba shasi inda sifirin ɗin baya ke rataye, da wurin da mai walda ya liƙa maka ƙugiyar tirela. Motar fadama laka na kwana a cikin shasinta, tana ci daga ciki, waje kuma ka ga fenti lafiya. In ka buga ka ji ƙarfe na amsawa, madalla. In ka ji "bus" ko guduma ta lotsa shi, kada ka sa ko naira a injin, sayar wa Auta.

In shasi na da rai, ni ringi na fi so, in dai bulok bai ci ba kuma top bai tsage ba. Dalili, injinka ka san tarihinsa. Ɗan Beljiyam na 5L yanzu, yawanci ba daga Turai yake ba, wani an wanke shi ne an fesa masa fenti a kasuwar Ladipo ta Legas. In dole ka saya, a tayar maka da shi a ƙasa kana tsaye, a buɗe murfin baƙin mai ka ga ko yana huci. Kuma ko wanne ka zaɓa, sabon tayimin bel na asali, don na 5L kilomita 100,000 ne wa'adinsa, in ya tsinke bawul da fistin ke gaisawa. A haɗa da kuloci cikakke, faranti da kaba da rilis, ba a canza ɗaya a bar biyu ba.

Baba Direba: Kuma ka bar jan kaya da giya ta biyar. Ta huɗu ita ta miƙe kai tsaye, ta biyar 'yar ƙarama ta, ita ka fara kuka. Gangara kuma ka sauka da giyar da ka hau da ita.

Injiniya BK: Tirelar kuma a sake ta. Aksul biyu, da birkin da ke kamawa da kansa in ta turo motar, akwai irin wannan kan tirela ana samunsa a wurin masu kayan Beljiyam. Sarƙa biyu ta tsaro, da fitilun baya masu aiki. Lodi ya fi yawa a gaban aksul kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin ya sauka a kan ƙugiya. In nauyi ya koma baya shi ne take wutsiya a kan titi. Kuma ko da birkin, ni ba zan wuce tan ɗaya da rabi da wannan motar ba.

Hajiya Mai Shanshera: Tan ɗaya da rabi har da nauyin tirelar ko? To buhu 12 kenan. Alhaji ka ga maganata ta shata ta dawo.

Baban Khalifa, Argungu: Jama'a na dawo. Mun hau rami yau. Shasi lafiya lau daga gaba har tsakiya, amma akwai tsaga kamar tsawon yatsa a gefen dama, daidai inda aka yi waldar ƙugiya, ashe a jikin shasin kai tsaye ya ƙona ta. Lagireto kuwa yadda Oga ya faɗa, rabinsa a toshe, fanka ta mutu, tamostat babu. Top ba a buɗe ba tukuna. Makanikena ya ce tsagar za ta gyaru da faranti.

Oga Makanike Jega: Za ta gyaru in an huda ƙarshen tsagar tukuna don kada ta ci gaba, a cike ta, sannan a ɗora faranti mai tsini biyu, ba mai kusurwa huɗu ba. Sabuwar ƙugiya kuma da noti za a ɗaure ta a ramukan da kamfani ya bari, kada wuta ta sake taɓa wurin. Ka gyara sanyin ka yi sati kana yawo babu tirela kafin a sauke inji, mu ga nawa ne ainihin baƙin man da take sha.

Ɗan Kamba: Shasi mai tsaga, inji mai hayaƙi, kuloci mai wari. Alhaji wallahi ƙanenka ya fi waɗannan mutanen son ka.

Auta Zuru: Alhaji in ka fasa gyaran ina nan. In kuma tsohuwar tirelar za ka sayar, nawa? Ina da injin niƙa da nake son ɗorawa.

Injiniya BK: Auta, a tuddan Zuru, babu birki?

Auta Zuru: Injin niƙan bai kai kilo 300 ba Injiniya, na auna.

Shugaban zaure: Maganar ciniki a koma ta bayan fage don Allah. Baban Khalifa, in an buɗe top ɗin ka turo mana hoto a nan, akwai mutum biyu da suka yi min magana suna da irin matsalar.